Maharbin da Ya Roƙi Barewa Aka Ba Shi Gafiya

Akwai wani mutum, manomi ne da damina, maharbi da rani. Gidansa yana ƙarshen gari, daga danga sai gonarsa, daga gona sai daji. Yana da bindigar toka da ya gada wurin mahaifinsa, irin wadda ake zuba wa albarushi ta baki, a bi da guntayen ƙarfe, a toshe da tsumma, a danna da sanda. Harbi ɗaya take yi. In ta tashi, sai mutum ya zauna ya sake ɗura ta, kafin nan kuwa abin da ya tsere ya tsere.

Wata shekara gyaɗarsa ba ta yi kyau ba. Cikin ɗan abin da ya samu ya ware buhu guda na iri, da ɓawonta, ya jingine a ɗakin ajiya kusa da wata tsohuwar randa. Jar gyaɗa ce mai ƙananan ƙwaya, irin gidansu, ba mai shuka ta a garin sai shi da ƙanensa Auta, wanda danga ɗaya ce ta raba gidajensu. Auta kuwa tasa gonar ruwa ya cinye. Ya zo ya ce, “Yaya, ka ɗan sam mini iri.” Mutumin ya ce, “Bari damina ta matso, mu ga abin da Allah zai yi.”

Ana nan, da rani ya yi nisa, ya shiga ɗakin ya tarar buhun ya kwanta. Ya ɗaga, ya ji ba nauyi. Ga wata tsaga a gindinsa, gyaɗar kuwa saura kaɗan.

Matarsa ta ce, “Maigida, ko ɓeraye ne?”

Ya ce, “Ɓera a wurin yake ci, ya bar ɓawo. Kin ga ɓawo ko ɗaya a nan? Wannan aikin mai hannu ne.”

Ya fita ya tsaya a bakin danga, ya kira ƙanensa, ya ce, “Auta, iri ya ɓace a ɗakina. Kai kaɗai ka san inda yake.”

Auta ya dube shi, sa'an nan ya ce, “Yaya, ni kake faɗa wa haka?” Ya juya ya shige gida.

Daga ran nan gaisuwa ta mutu a tsakaninsu. Matansu suka daina miƙa wa juna gishiri ta kan danga. Ran Lahadi a majami'a, wannan ya zauna gabas, wancan yamma. Mutumin ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin ajiya, ya rataya mabuɗin a wuyansa.

Lokacin farauta ne, ciyawa ta bushe, maharba suna shiga daji neman barewa. Mutumin ya ce a ransa, “In na sami barewa, sai in kai naman wani ƙauye a musanya mini da iri.” Ya zazzage ƙahon albarushinsa, ya ga abin da ya rage ɗuri ɗaya ne da ɗan ɓarɓashi. Ya ɗura bindigar a hankali, ya durƙusa ya yi addu'a ya ce, “Ya Ubangiji, ba abu mai yawa nake roƙo ba. Barewa ɗaya, kada gonata ta kwana ba shuka.”

Ya yi kwanaki a daji, yana bin sawu, yana kwana a gindin itace, har guzurinsa ya ƙare. Ran da ya yi niyyar komawa, da sassafe, yana laɓe kusa da wani tafki da ya kusa ƙafewa, sai ga barewa ta fito shan ruwa, ƙosasshiya, kusa ƙwarai, har yana ganin motsin kunnuwanta. Zuciyarsa ta cika da murna, ya ce, “Allah ya ji.” Ya saita, ya ja kunama.

Bindiga ta ce ƙyas, ta yi shiru. Ashe raɓa ta jiƙa ɗan albarushin da ke bakin kunamar. Barewa ta ɗaga kai, ta yi tsalle, ta ɓace cikin sabara.

Mutumin ya zauna a ƙasa, ya yi kuka kamar yaro. Ya ce, “Ya Ubangiji, da ba ka nuna mini ita ba, da ya fi mini sauƙi.” Da rana ta ɗaga, ya goge jiƙaƙƙen, ya sa ɓarɓashin da ya rage masa, ya saɓa bindiga ya kama hanyar gida, ba ya ko duban gefe.

Rana ta faɗi, duhu bai gama shiga ba, ya iso gonarsa. Yana ta tunanin abin da zai faɗa wa yara, sai ya ga wani abu ya fito ta ƙarƙashin dangar gidansa, yana sanɗa zuwa wani tsohon suri a gefen gona. Gafiya ce, ƙatuwa. Ya tsaya. Ɗurin barewa ne a bindigar, ba shi kuma da wani. Amma ya tuna an daɗe ba a sa nama a tukunyar gidansa ba. Ya ce, “To, ko wannan.” Ya ja kunama. Wannan karon bindiga ta tashi da ƙara har tsuntsaye suka watse, hayaƙi ya turnuƙe.

Kafin hayaƙin ya washe, sai ga mutum a guje daga wajen gidaje, da sanda a hannu, ba ko riga. Auta ne. Yana haki ya ce, “Yaya! Lafiya? Na ji harbi a bayan gida, na ce ko wani abu ya same ka.”

Kunya ta kama mutumin. Ya sunkuya ya ɗaga gafiyar ta wutsiya. Da ya ɗaga ta, sai wani abu ya zubo daga kumatunta, ya warwatsu a ƙasa. Auta ya tsinci ɗaya, ya fasa da haƙori, ya buɗe tafin hannunsa. Jar gyaɗa ce mai ƙananan ƙwaya.

Suka gane irin da ya ɓace ne. Can mutumin ya ajiye bindiga, ya durƙusa a gaban ƙanensa ya ce, “Auta, na zalunce ka. Ka yafe mini.”

Auta ya kama shi ya ɗaga, ya ce, “Tashi, Yaya, kada yara su gan ka a ƙasa. Ya wuce.”

Da gari ya waye suka ɗauko fartanya da diga, suka bi ramin da ke gindin surin. Suka haƙa, suka haƙa, har suka isa wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, cike da gyaɗa, busasshiya, da ɓawonta. Wadda ta ci ta ci, amma wadda ta tara ta fi yawa, gama gafiya ta fi son ajiya da ci. Da suka kawar da tsohuwar randar a ɗakin ajiya, ga bakin rami a bayanta. Matar mutumin ta dafa gafiyar da yaji da daddawa, tana dariya tana cewa, “Ɗurin barewa a kan gafiya, Maigida, yau na ga abin mamaki.” Gidajen biyu suka ci a akushi ɗaya. Da ruwa ya sauka, suka raba irin biyu, kowa ya shuka. Mutumin kuwa duk sa'ad da ya tsaya yin godiya a gaban jama'a, yakan ce, “Na gode wa Allah saboda ranar da bindigata ta ƙi tashi.”

Ma'anar wannan misali ita ce: barewa ita ce abin da muke roƙo, mun riga mun yanke cewa ta nan kaɗai taimako zai zo. Bindigar da ta ƙi tashi kuwa, ita ce addu'ar da muke gani kamar ba a amsa ba. Da ta tashi a bakin tafki, da mutumin nan ya sami iri a wani ƙauye, ya shuka, ya girbe, ya tsufa yana kiran ɗan'uwansa ɓarawo. Shi gonarsa yake gani. Allah kuwa yana ganin gonar, yana kuma ganin dangar da ke tsakanin gidajen nan biyu.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai wanda ya nemi aiki aka ba wani, akwai wadda ta yi shirin tafiya ta fasa a ranar tashi. Ba zan ce muku kullum za ku ga dalili washegari ba. Wani ramin ba za a haƙa shi ba sai mun tsaya a gaban Ubangiji. Amma Uban da ya ba mu Ɗansa ba ya hana mu abu don mugunta. Saboda haka kada ku rena ƙaramin abin da ya sa a hanyarku sa'ad da kuke komowa hannu wofi. Ku sunkuya ku ɗauka, ku duba da kyau, ku gode.

In kuwa akwai wanda ka daina gaisarwa saboda zato, ba ka gani da idonka ba, kada ka jira sai Allah ya aiko maka da gafiya. Yana zaune a nan cikin majami'ar nan, ko a gidan da ke kusa da naka. In an tashi, ka je ka miƙa masa hannu.