Ɗan Da Kunkuru Ya Taɓa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Malam.

Shekara arba'in, ko hamsin ne, na manta, sunan Kunkuru ne a saman allon gwanayen dara na daji. Na biyu kuwa Dila ne, wanda ya koyi wasan a hannun Kunkuru. Ranar ƙarshen gasa suka haɗu, kuma duk wanda aka cinye, sunansa zai koma ƙasa. Dokar gasa ita ce, ɗan da ka taɓa, shi za ka tura.

Wasa ya yi nisa, saura turi ɗaya Kunkuru ya ci. Ya miƙa hannu, sai rawar tsufa ta kama shi, ya shafi wani ɗa daban. Alƙali Hankaka kuwa yana can yana gyangyaɗi.

Dila ya rage murya ya ce, "Baba, ban ga komai ba. Tura wanda ka nufa."

Kunkuru ya ce, "Kai ɗin? Yaushe ka makance?"

"Don Allah, Baba. Duk wayona, ba na son wannan cin."

"Ni na koya maka dokar nan, har da ranƙwashi. In na karya ta yau, me ke nan na koya maka?"

Ya tura ɗan da ya taɓa. Dila ya cinye shi yana hawaye. Da aka goge sunan Kunkuru daga saman allo, sai ya janye hannunsa cikin ƙoƙon bayansa, don kada a ga yana rawa. Har yau, in ka matso kusa, haka yake yi.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɗan ɓera.