Ƙugiyar Lilo a Reshen Mangwaro

Akwai wata mai ɗinki da ke riƙon mahaifinta tun da tsufa ya fara taɓa masa tunani. Ita ce autarsa, amma ya daɗe da daina gane ta.

Kullum maganarsa ɗaya ce: "Baiwar Allah, ki kai ni gida."

To, wane gida? Tun tana ƙarama aka tashi unguwarsu, aka yi katafaren lambun shaƙatawa na birni a wurin. Ta faɗa masa har bakinta ya gaji.

Ran nan ta wuni a kan keken ɗinki, bayanta kamar zai ɓalle, sai Baba ya sake farawa. Ta kira yayanta a waya.

"Yaya, wallahi na gaji. Gobe ka zo ka ɗauke shi, kai ma ka ɗanɗana."

Ta juya ga tsohon. "Tashi mu je, Baba, ka gani da idonka."

Lambun nan ba na mai gajiya ba ne. Ga tafki, ga ciyawa iya ganinka. Allon bakin ƙofa ya ba da tarihi, wai da can wurin fili ne kawai. Ta ja tsaki, don a wannan filin aka haife ta.

Baba na gaba, tana binsa tana jan ƙafa.

"Ka gani ko? Babu komai. Mu koma."

Ko waiwayowa bai yi ba, har ya tsaya a gindin wani tsohon mangwaro. A reshensa akwai ƙugiyar ƙarfe mai tsatsa, ɓawo ya kusa haɗiye ta.

"Nan na ɗaura lilon," in ji shi. Ya juyo, ya daɗe yana kallon 'yarsa. "Auta, kin gaji ko? Zo ki zauna, ni zan tura ki."

Ta zube a kan saiwar bishiyar tana kuka. Shi kuwa ya dafa bayanta yana turawa a hankali.

Wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne.

"Da ƙarfe nawa zan zo?"

"Bar shi kawai, Yaya."

Washegari Baba ya ce, "Baiwar Allah."

Ta ce, "Na'am, Baba."

Darasi: Iyayen da suka manta sunanka ba su manta sonka ba. Gajiya ba laifi ba ce, amma kada ta sa ka saki hannunsu. Tura wa duk wanda ka san yana jinyar tsoho, ko ya ji sanyi a ransa.