Turaku Biyu a Filin Jirgi

Gazali Mai Nasara mutum ne mai fara'a da son jama'a, amma yana da hali guda da ya cuce shi. Ba ya son wahalar da ke cikin aikinsa, kuma idan sakacinsa ya fito fili, ƙarya ce take riga gaskiya zuwa bakinsa. Yana zaune a Garin Manzo, wani ƙauye tsakanin Mayahi da Gidan Amumune, shi da matarsa Hindu da 'yarsu Safa.

A gabashin ƙauyen akwai filin saukar jirgi. Ba kwalta ba ne, jar ƙasa ce aka zuba aka daddaɓe, tsawonsa ya kusa kilomita guda. Wani kamfani ne ya gyara shi domin ƙaramin jirginsa mai feshin maganin fara, wanda yakan zo sau biyu ko uku a shekara, lokacin da gero ya fitar da kai. Gazali shi ne gardin filin. Aikin ba shi da yawa, an kuma rubuta masa shi a takarda. Kada ya bar dabba ta shiga. Ranar da jirgi zai zo, ya taka filin da ƙafarsa daga wannan kai zuwa wancan, ya cike rami, ya kwashe dutse da itace. Idan ya gamsu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin fili. Idan bai gamsu ba ya shimfiɗa ja, matuƙi ya gani daga sama ya juya.

Shekarar farko ya yi yadda aka ce. Shekara ta biyu ya koma zagayawa a kan moto, wato babur. Daga nan sai ya riƙa tsayawa gindin wata aduwa da ke bakin fili ta yamma, ya sa hannu a goshi ya hango ƙarshensa, ya ce lafiya lau.

A wannan yanki, idan damina ta kankama, babu ko taku ɗaya na ƙasa da ba a shuka ba. Makiyayin da bai tafi arewa da dabbobinsa ba yakan rasa inda za su kwana. Haka ta sami Cindo, wani Bafillace mai shanu goma sha huɗu, wanda ya tsaya saboda mahaifiyarsa ta tsufa ba ta iya tafiya. Kakannin Gazali Barebari ne, don haka akwai wasa tsakaninsa da Cindo tun suna samari. Wata rana suka haɗu a bakin rijiya.

"Bawana," in ji Cindo, "ubangidanka yana yawo da shanu ba wurin kwana, kai kuma kana gadin fili don tsuntsun ƙarfen da ba ya zuwa."

Gazali ya yi dariya ya ce, "Yaushe Bafillace ya yi arzikin bawa? Kawo su can ƙarshen fili ta gabas. Amma kashin nawa ne. Ko guda ka ɗauka sai na kai ka gaban maigari."

Wannan tsohuwar al'ada ce tsakanin manomi da makiyayi: kai ka ba da wurin kwana, shi ya bar maka taki. Sai dai ana yin ta ne a gona bayan an cire amfani, ba a filin jirgi ba. Cindo ya daina wasa ya tambaya ko abin ba zai jawo wa Gazali matsala ba. Gazali ya ce kullum sai an kira shi a waya kwana ɗaya kafin jirgi ya zo, sai su janye shanu su tuge turaku, babu wanda zai sani. Hindu ta nuna rashin yardarta da ta ji. Ya ce mata ta jira ta ga geron da gonarsu za ta yi.

Cindo ya kafa turaku goma sha huɗu, kowace saniya da nata. Gazali ya riƙa kwashe taki a amalanke zuwa gonarsa. Aminatu, matar Cindo, takan kawo wa Hindu ƙwaryar nono kowace safiya. Damina biyu suka wuce a haka, gonar Gazali ta fi ta kowa kyau.

A damina ta uku, cikin watan Satumba, fara ta sauka a gonakin yankin. Ranar Talata aka kira Gazali aka ce jirgi zai sauka Laraba da hantsi. Ya gaya wa Cindo da la'asar. Cindo ya kora shanunsa zuwa burtali, ya tuge turaku ya ɗaure su dami guda ya tafi da su.

Da asubar Laraba aka yi ruwa mai ƙarfi. Ƙarshen filin, inda kofato ya yi makonni yana farfasa ƙasa, ya sha ruwa ya zama taɓo, ko da yake daga nesa ba a ganewa. Gazali ya fito sanye da sabuwar shadda da takalmi mai kyau, domin manyan kamfanin suna tafe a mota da gangunan magani da na esansi, wato man jirgi. Ya dubi takalminsa, ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya tsaya gindin aduwa ya hanga, sa'an nan ya shimfiɗa farin ƙyalle.

A daidai lokacin Cindo yana kwance damin turaku a burtali. Ya ƙirga ya sami goma sha biyu. Ya sake ƙirgawa, sai ya ji ƙugin jirgi. Ya yar da sandarsa ya sheƙa a guje zuwa filin.

Jirgin ya sauka ta yamma lafiya, ya miƙa gabas yana rage gudu. Cindo ya riga ya tuge turke ɗaya yana kokawa da na biyu. Tayar jirgin ta hagu ta nutse cikin taɓo, jirgin ya juya da ƙarfi, fiffikensa ya make Cindo a cinya, hancin jirgin ya kafe a ƙasa. Matuƙin ya fito da karaya a kafaɗa. Cindo kuwa ƙashin cinyarsa ya karye har ya huda fata ya fito. Motar kamfanin ce ta kai shi Mayahi, daga can aka wuce da shi asibiti a Maradi.

Bayan kwana uku jandarmomi suka zo tare da wata ma'aikaciyar asiransi, wato kamfanin inshora, mai suna Madam Nabila. Ta zaunar da Gazali ta yi masa bayani da Hausa dalla-dalla. Idan da izinin ma'aikacin kamfani Cindo ya zauna a filin, kuma an shimfiɗa farin ƙyalle ba tare da an duba ba, to haƙƙin Cindo yana kan kamfani, asiransi za ta biya aikin ƙafarsa ta kuma ba shi diyya. Idan kuwa shi ya kutsa bayan an hana shi, ba shi da komai. Ba ta ɓoye masa ba cewa maganar farko za ta iya raba shi da aikinsa, ta kuma kai shi gaban alƙali.

Gazali ya ji kalmar alƙali, ya tuna da gidan kaso. Ya ce, "Na taka filin nan da ƙafata tun da safe. Mutumin nan kuwa na sha korar shi, ba ya ji."

Ta tambaye shi tarin takin da ta gani a gonarsa. Ya ce saye ya yi. Ta rubuta, ta karanta masa, ta ce ya yi tunani kafin ya sa hannu. Ya sa hannu. Mutanen gari da yawa sun san gaskiya, amma babu wanda ya so a kira sunansa gaban jandarma. Cindo ya faɗi nasa daga gadon asibiti cikin zazzaɓi, sai dai ba shi da shaida ko ɗaya. Aka rufe dosiyensa, wato takardun neman diyyarsa.

Aminatu ta zo gidan Gazali da rana tsaka. Ta ƙi zama a tabarmar da Hindu ta shimfiɗa mata, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baban Safa, an ce ka ce ba ka san da zamanmu ba."

"Ba haka na faɗa ba, Aminatu. Su ne suka rubuta abinsu da Faransanci."

"To ka je ka gyara musu. Likita ya ce ƙarfe za a sa masa, in an wuce sati biyu ba a yi ba ƙafar ba za ta tsira ba. Ni ban iya maganar 'yan buro masu takardu ba. Kai ka iya."

Ya yi mata alkawarin zai tafi bayan sallar Juma'a. Da ta fita, Hindu ta ce masa da hannunta ta riƙa karɓar ƙwaryar nonon nan damina uku, kuma da shi Safa ta yi ƙiba. Ya ce mata idan aka kai shi kaso wa zai ciyar da su. Juma'a ta zo ta wuce, ya ce yana jiran hankalin manya ya kwanta tukuna. Wata Juma'ar ma ta wuce.

Aminatu da ƙanen mijinta suka fara kai shanu kasuwar Gidan Amumune. Dillalai sun ga gaggawa a fuskarsu, suka karya farashi. Abin da aka samu a kasuwar farko magani da kwanan asibiti suka cinye shi. Da suka ga kuɗin aikin ya fi ƙarfinsu a lokacin, suka ɗauko Cindo suka kai shi wurin wani maɗori. Maɗorin ya ɗaure ƙafar da karare yadda ya saba, amma wannan karaya ce mai buɗaɗɗen rauni. Cikin kwana goma wurin ya ruɓe. Suka sake sayar da shanu suka mayar da shi Maradi. Likitoci suka yanke ƙafar daga saman gwiwa domin su ceci ransa.

Ranar da labarin ya iso, Hindu ta ɗaure kayanta ta ce za ta tafi gidansu da Safa, ba za ta dawo ba sai ya je ya dubi mutumin nan ido da ido. Gazali ya shiga mota ya tafi Maradi.

Ya tarar da Cindo ya rame, zane ya kwanta shafal a inda ƙafa take a da. Ya gaishe shi. Cindo ya amsa, bai kira shi bawansa ba, bai kuma yi masa faɗa ba. Sai Gazali ya tambaye shi abin da ya kai shi gaban jirgi yana gani.

Cindo ya ce, "Turaku biyu na manta. Na ce in jirgi ya taka su, ko in manyanka suka gan su, za su gane ka ba ni wuri su kore ka. Kana da iyali. Shi ya sa na ruga."

Gazali ya miƙe. Ya fita daga ɗakin ya zauna a kan dakali ya yi kuka, mutane na wucewa suna kallonsa. Daga nan ya nemi buron asiransi, wato ofishinsu, ya sami Madam Nabila, ya faɗa mata komai tun daga bakin rijiya har zuwa farin ƙyalle. Ta rubuta ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce za ta nemi a sake buɗe dosiyen, kuma zai ɗauki lokaci. Ta ƙara da cewa ranar da ta fara tambayarsa, ƙafar tana nan, likitoci kuma suna jiran takarda ɗaya ce kawai daga hannunta.

Kamfanin ya sallami Gazali ya kuma daina amfani da filin. Alƙali ya yanke masa ɗaurin wata shida, amma ya jingine hukuncin saboda shi ya kawo kansa. Abin da ya ji tsoro har ya yi ƙarya bai kai yadda ya zata ba.

Diyyar Cindo ta fito bayan wata tara. Lokacin shanu uku suka rage masa, mahaifiyarsa kuma ta rasu. Ya koma Korgom wurin dangin matarsa. Ya sayi wasu shanun, amma wani ne yake fita da su kiwo. Shi yana zaune a ƙofar gida yana tufka igiya, sandunansa biyu jingine da bango.

Bayan girbi Gazali ya ɗauki buhun gero a moto ya je har can. Ya durƙusa ya roƙi gafara. Cindo ya ci gaba da tufkarsa har ya kai ƙarshen zaren, sa'an nan ya ɗago.

"Na yafe maka, Gazali, duniya da lahira. Amma kada ka ƙara zuwa. Duk lokacin da na gan ka, sai in ji ƙafar tana yi mini ciwo, in kai hannu in tarar ba ta nan."

Darasin da ke cikin wannan labari a bayyane yake. Aikin da aka damƙa maka, komai ƙanƙantarsa a idonka, akwai ran wani a rataye da shi, don haka ka yi shi yadda aka ce a yi, ko ana kallonka ko ba a kallonka. Idan kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya a ranar da aka tambaye ka, tun tana iya yi wa wanda ka cuta amfani. Sakacin Gazali ne ya karya ƙafar Cindo, amma karaya tana da magani. Ƙaryarsa da jinkirinsa su suka sa aka yanke ta.