Ruwan Da Ake Zubawa A Kabarin Clarrie

Akwai wani dattijo mai suna Mervyn Tuckwell a ɗan garinmu na makiyayan tumaki, can cikin ƙasar Ostireliya. A shekarar 1995 da abin nan ya faru, shekararsa saba'in. Ya ƙare ƙarfinsa a askin tumaki, da bayansa ya ƙi sai ya ɗauki aikin kula da maƙabartar gari, ba wanda ya sa shi, ba mai biyansa. Mutumin kirki ne fa, sai dai taurin kai ba a magana.

A maƙabartar nan yayansa Clarrie yake kwance. Clarrie ya yi shekara uku da rabi yana fursuna a hannun sojojin Japan lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya dawo gida ƙashi da rai, bai cika shekara biyu ba ya rasu.

Bai cika ba da labarin can ba, amma ya faɗa wa ƙanensa abu ɗaya. Wata rana sun wuni suna fasa dutse cikin rana, sai wani mai gadi ya ɗebo ruwa, ya tsaya a gabansu, ya tsiyayar da shi ƙasa a hankali suna kallo. Mervyn ya riƙe maganar nan a ransa shekara arba'in da takwas.

To, sai ga 'yarsa tilo, Noeline, malamar firamare, ta zo masa da labari. Wata mata 'yar Japan mai suna Tokiko Kuramoto za ta zo aikin sa kai, ta koya wa yara harshen Japanawa da rubutunsu, kuma a gidan Noeline za ta sauka.

"Duk garin nan an rasa inda za a sauke ta sai gidanki?" in ji Mervyn.

"Haba Baba! Wata shida ne kawai. Kuma shekararta huɗu fa lokacin yaƙin nan."

"Ko kwana huɗu ne da ita. Muddin tana cikin gidan nan, ƙafata ba za ta taka shi ba."

Ita ma Noeline ba a ƙasa ta tsinci taurin kai ba. Ta ce, "Ƙofa dai a buɗe take, Baba."

Tun rasuwar matarsa, Mervyn ba shi da wata ranar farin ciki sai Lahadi, ranar da Noeline ke gasa cinyar rago da dankali su ci tare. Yanzu Lahadi sai ya buɗe gwangwanin wake ya ci a tsaye. Mako tara aka yi haka, uba da 'ya suna haɗuwa a kanti kowa ya kau da kai. Abin yana cin sa, amma wa zai faɗa wa?

A shekarar kuwa fari ake yi mai tsanani. Hukumar gari ta hana ba da ruwa ga shuke-shuke, ta hana wanke mota. Ciyawar maƙabarta ta ƙone ƙurmus.

Wata Asabar Mervyn ya iso da safe, sai ya tarar da dutsen kabarin Clarrie a jiƙe sharkaf, ƙasar gindinsa ta yi taɓo. Sauran kaburbura a bushe. Ya ce ko kare ne. Asabar ta gaba ma haka, har da wani ɗan kofi cike da ruwa an ajiye a gaban dutsen. Nan fa ya ce ai kare ba ya yawo da kofi.

Asabar ta uku ya yi sammako, ya ɓoye a-kori-kurarsa bayan itatuwan turare, ya zauna yana jira.

Can sai ga wata 'yar siririyar mata mai furfura tana tafe da ƙafa, riƙe da bokiti, tana sauya shi daga hannu zuwa hannu. Ta tsaya a kabarin Clarrie. Ta ɗebo ruwa da ludayin katako, ta ɗaga shi sama, ta fara tsiyayarwa a kan dutsen a hankali, ruwan yana gangarowa ƙasa tana shanyewa.

Wayyo! Idon Mervyn ya rufe. Abin da aka yi wa yayansa yana raye, shi ne ake yi masa yana kabari?

"Ke!" ya daka mata tsawa. "Ajiye abin nan!"

Ya iso ya yi ƙwallo da bokitin, ruwan ya malale.

"Bai ishe ku ba? Kun zubar da ruwa a gabansa yana mutuwa da ƙishi, yanzu kin biyo shi har nan ki ƙarasa? Waye ya aiko ki?"

Tokiko ta yi tsaye, ludayi a hannu. Ta sunkuya ƙwarai irin na girmamawar ƙasarsu, ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta ce, "Kai ne Malam Mervyn. Ka yi haƙuri. Me aka yi masa da ruwa? Noeline ba ta faɗa mini wannan ba."

Ai Noeline ba ta sani ba, don bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar, cikin fushi, ya amayar da labarin gaba ɗaya. Yana magana muryarsa tana karyewa, har ya ji haushin kansa.

Tokiko ta sa hannu ta rufe bakinta. Hawaye suka zubo.

"Ban sani ba, Malam. Da na sani da na nemi izininka tukuna. Mu a wurinmu haka ake gaida mamaci. A wanke masa dutsensa, a zuba ruwa daga sama, a bar masa na sha. Ba zubarwa nake yi ba. Ba shi nake yi."

Mervyn ya yi tsaki, amma tsakin bai yi ƙarfi ba. "To ki je ki ba naki mana. Ba ki da matattu ne?"

"Ina da. Mahaifina. An tura shi yaƙi a Niu Gini, bai dawo ba. Akwati aka kawo wa mahaifiyata, ta buɗe ba komai ciki sai takarda mai sunansa. Ban san inda yake kwance ba. Kuma ban san abin da ya aikata a can ba, Malam, ba zan yi maka ƙaryar cewa hannunsa tsarkakakke ne ba. Da na ji labarin yayanka sai na ce, wannan dai ga inda yake, zan iya kai masa."

Ta ɗauki bokitinta, ta sake sunkuyawa, ta tafi.

Mervyn ya zauna a gefen kabarin har rana ta take. Da ya koma gida, wayar gidan tana ƙara. Noeline ce, a fusace.

"Baba, ka kyauta! Ka san wane ruwa ka zubar? Matar nan a ƙasarsu kullum sai ta shiga kwamin wanka. Tunda ta ji ana fari ta daina. Da ɗan tsumma take goge jikinta, ta tara rabonta na mako a bokiti, ta ɗauka da ƙafa har maƙabarta. Yanzu tana ɗaki tana haɗa kaya, wai ta ɓata maka rai, gara ta koma."

Kunya ta kama dattijo irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ki ce mata ta dakata," ya ce. "Kuma ki tambaye ta sunan mahaifin nata."

Washegari da sassafe ya tafi busasshen rafin bayan gari, ya zaɓo wani dutse mai santsi, ya sha wahala kafin ya ɗora shi a mota da wannan bayan nasa. Ya kafa shi a inuwa, kusa da shingen maƙabarta. Sannan ya je ƙofar Noeline ya danna ham ɗin mota, bai sauko ba. Tokiko ta fito a tsorace.

"Shigo mu je," in ji shi.

Da suka isa ya nuna mata dutsen, ya miƙa mata gwangwanin fenti da buroshi.

"Ni ban iya wannan rubutun naku mai kama da sawun kaji ba. Ki rubuta da kanki. Shozo aka ce, ko?"

Ta gyaɗa kai.

"Ki ji ni da kyau, baiwar Allah. Wanda ya yi wa Clarrie abin nan ban yafe masa ba, ƙila har in mutu. Amma ba ke ba ce. Kuma daga yau ruwan tankina za ki riƙa ɗiba, ki koma wankanki kafin yaran makaranta su fara guduwa."

Tokiko ta fashe da dariya tana kuka, ta durƙusa ta fara rubutu.

Da azahar ta yi, ranar Lahadi ce, Noeline ta ji motsi a bakin ƙofa. Ta buɗe, sai ga mahaifinta zaune a kan matakala yana kokawa da igiyar takalminsa, babban yatsa ya leƙo ta hujin safa.

"Baba, me kake yi?"

"Na ji an ce yanzu a gidan nan sai an cire takalmi ake shiga," ya ce, bai ɗago ba. "To tsayuwa za ki yi kina kallona, ko za ki taya ni?"

Noeline ta durƙusa ta kwance masa ɗayan, tana share ido da bayan hannu.

Darasi: Ciwon da ka daɗe kana ɗauke da shi yana iya sa ka ga cin mutunci a inda aka zo maka da girmamawa. Kafin ka yanke hukunci a kan al'adar da ba ka sani ba, ka tambaya. Kuma kada ka ɗora wa ɗa laifin da aka yi yana goye, har ka rasa naka na kusa saboda shi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai riƙe da tsohon fushi da ke buƙatar karanta wannan.