Kunyoyi Uku na Daudu

Akwai wani mutum a Babban Duhu mai suna Ya'u, tun zamanin da sarakunan Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato. Ya gaji gonar gero daga mahaifinsa, amma ransa na birni.

Al'adar garin kuwa, duk gonar da ta yi damina uku fartanya ba ta taɓa ta ba, mai gari zai ba wani. Ranar da Ya'u ya ɗaure kaya, amininsa Daudu ya tuna masa da haka.

"A ba duk mai so," in ji Ya'u. "Wai kai mi ka gani ga wanga gari? Kasuwa sai mako ya zagayo, gishiri sai an yi tafiya."

Daudu ya ce, "Ni dai nan in na yi sallama, ba a tambayata ɗan wa ne."

Ya'u ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kama hanya.

Gaskiya birnin Katsina ya karɓe shi. Ya koyi rini a marinar wani dattijo, hannunsa ya yi shuɗi, cikinsa ya ƙoshi. Ya so kasuwar da ke ci kullum, da raƙuman Buzaye masu kawo gishiri, da ganuwar da ta raba mutane da fargabar mahara. Har ya fara ce wa masu kawo hatsi "mutanen ƙauye", shi da kaushin gona bai gama barin dugadugansa ba.

Amma duk shekara in ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshi, sai aiki ya tsaya masa. Ya tuna ranar gayya, samari a jere suna huɗa, Daudu na gaba yana tsokanar masu nawa. Kewa ta riƙa cin sa a tsaye. Komawa kuma yake tsoro, don ya san gonar ta daɗe a hannun wani, ga maganar da ya yaɓa wa garin.

A damina ta bakwai ya ji wata mai nono tana ciniki da irin maganar gida. Sunanta Fanta, rugarsu na kusa da Tsaskiya, maƙwabciyar Babban Duhu. Bayan doguwar gaisuwa ya tambaye ta Daudu.

"Ayya, shina kwance," in ji ta. "Ƙafafu sun kumbura. In kai nashi ne, ka tai ka gane shi."

Ya'u ya ce to. Sai dai salla ta matso, tufafi sun taru a marina, ya ce bari a sauke wannan aikin tukuna. Wata biyu ya ƙara.

Ya isa Babban Duhu gero ya fara fid da kai. An yi kwana tara da binne Daudu.

Uwani, matar marigayin, tana takaba, ta amsa ta'aziyyarsa ta bayan zana. Da ya miƙe zai tafi ta ce, "Malam Ya'u, ka biya ta gonarka."

"Wace gona gare ni, Uwani? Ai ta tafi tuntuni."

"Ba ta je ko'ina ba. Kowace damina, kafin ya taɓa tashi, sai ya tai taka ya yi kunyoyi ukku ya shuka. In mai gari ya yi magana, ya ce, 'Ranka ya daɗe, ai fartanya ta taɓa ta.' Bana da ya kasa tsayuwa, kan jaki aka kai shi. A zaune ya yi su."

Ya'u ya tafi gonar. Ciyawa ta cinye ko'ina har gwiwa, amma can gefen hanya, inda duk mai wucewa zai gani, ga kunyoyi uku gajeru, karkatattu, geronsu ya yi kore shar.

Nan ya durƙusa tsakaninsu ya yi ta kuka, yana kiran sunan Daudu.

Darasi: Ka so garin da ya ciyar da kai, amma kada ka raina wanda ya haife ka, domin akwai masu tsare maka gurbinka a can ba ka sani ba. In ka ji kewarsu, ka je yau, kada ka jira aiki ya ƙare. Ku tura wa duk wani naku da ya daɗe bai leƙa gida ba.