Guduma Mai Giɓi ta Maƙerar Gangare

Dalilin da ya sa gudumar injin maƙeran garinmu take buga biyu ta yi shiru, ta sake buga biyu ta yi shiru, shi zan gaya muku yau, tunda kun ishe ni da tambaya. Ku matso, ku kuma bar tsokanar juna, don ni ba na maimaita labari.

A da babu wani inji a maƙerar Gangare, ƙarfin damtse ne kawai. 'Yan'uwa biyu ke riƙe da ita, gadon ubansu. Tunau shi ne babba, shi ke riƙe awartaki yana juya jan ƙarfe a kan uwar maƙera. Ƙanensa Arzika shi ke ɗaga masaba, wato ƙatuwar gudumar nan da ku uku ba za ku iya ɗaga ta ba. Shekara talatin suna haka, kuma duk yankin nan babu garmar da ke shiga ƙasa kamar tasu.

Tunau akwai kai, amma akwai baki. Arzika kuwa sai ya yini bai yi magana goma ba. Abu ɗaya ke ba Tunau haushi game da shi: in ya buga biyu sai ya dakata kaɗan, masaba a sama, kafin ya sake saukewa.

"Kai dai malalaci ne, Arzika," in ji Tunau kusan kullum. "Bugu biyu, hutu ɗaya! Da za a tara hutun nan naka, ai ya yi shekara goma."

"To, Yaya," iyakar amsar Arzika ke nan.

Wata shekara, saura wata uku damina ta faɗi, kafaɗar Arzika ta dama ta ƙi ɗaguwa. Aka yi gashi, aka shafa magani, daga baya aka je asibiti, likita ya ce shi da ɗaga nauyi har abada. Arzika ya koma zama a bakin maƙera yana kallon masabarsa jingine da bango. Bayan sati uku ya ce, "Yaya, an samo mini aikin gadi a birni. Ba zan zauna ina cin abincin da ban yi wa gumi ba."

Maganar ta soki Tunau ƙwarai, don bai taɓa yin yini guda a maƙera ba tare da ƙanensa ba. Amma bakinsa bai iya lallashi ba.

"Gadi? Ɗan maƙeri? Ka ba ni wata ɗaya. Zan ƙera gudumar da za ta riƙa duka da kanta, abinci ya samu, kai kuma ka zauna ka huta."

Arzika ya yarda zai jira wata ɗayan. Kalmar hutun nan ce ma ta ƙara ɓata masa rai, Tunau bai lura ba.

To, nan fa Tunau ya nuna shi ɗan gado ne. Ya shiga wurin 'yan gwangwan ya tsinto guntun ƙarfen layin dogo, ya ce wannan shi ne kan guduma. Ya samo doguwar sandar ƙarfe daga ƙafar wata matacciyar tirela, ya ɗora ta a kan ginshiƙi yadda in an danna wutsiyarta kanta zai tashi. Ya binne kututturen ƙirya a ƙasa, ya kafa uwar maƙera a kansa. Ya karɓo tsohon injin niƙa da aka jingine, ya wanke shi, ya haɗa shi da bel. Sannan ya kira Ilu mai walda, suka liƙa wa wani faifan ƙarfe haƙora uku. Faifan yana juyawa, kowane haƙori ya danna wutsiya, kan guduma ya tashi ya faɗo. Kwana huɗu ya yi yana goge haƙoran nan da magagari har suka zama daidai wa daida. A ƙasa kuma ya sa abin takawa, in an taka bel ya ɗaure, in an saki ya sassauta. Babu takarda, babu zane, duk daga kansa.

Ranar gwaji, da hantsi, gari ya taru, har da Sarkin Noma a gaba-gaba. Arzika na gefe a kan turmi, ya riga ya ɗaure kayansa a gida. Tunau ya shafa gudumar ya ce da ƙarfi, "Jama'a, wannan ba ta san hutu ba!" Aka yi dariya. Arzika ya sunkuyar da kai.

Aka tada inji, Tunau ya danne abin takawa da dutse. Gim! Gim! Gim! Ƙasa na girgiza, mata na guɗa. Ya zaro jan ƙarfe daga wuta ya miƙa. Guduma ta buga ɗaya, ta buga biyu, hannun Tunau ya juya ƙarfen kamar yadda ya saba. Kafin ya gama juyawa bugu na uku ya sauka a gefe, ya fizge awartakin, jan ƙarfen ya yi tsalle ya faɗi dab da ƙafar Sarkin Noma. Ban taɓa jin tsoho ya yi tsalle irin na ranar ba.

Tunau ya sake gwadawa, ya ce a ransa sai ya ƙirga uku kafin ya juya. Ina! Hannun da ya yi shekara talatin yana juyawa a bugu na biyu ba ya jin magana. Ƙarfe na biyu ya karkace, na uku ya tsage. Ya rage gudun injin, sai ƙarfe ya riƙa hucewa kafin a kai ko'ina. Gumi ya jiƙa shi, kunya ta rufe shi, mutane suka fara zamewa.

Sai Arzika ya tashi ya kashe injin. Ya zagaya bayan faifan, ya ɗora yatsa a kan haƙori ɗaya.

"Ilu, yanke mini wannan."

"Kana hauka ne?" in ji Tunau. "Kwana huɗu na yi a kan haƙoran nan!"

"Sa ƙarfe a wuta, Yaya."

Bai taɓa ba yayansa umarni ba sai ranar, shi ya sa Tunau ya sa ƙarfen a wuta ba musu. Ilu ya yanke haƙorin, faifai ya zama mai giɓi. Arzika ya ture dutsen nan, ya ɗora ƙafarsa a kan abin takawa, idonsa a kan hannun Tunau.

Gim! Gim! Shiru. Tunau ya juya ƙarfe. Gim! Gim! Shiru. Ya sake juyawa. Da ƙarfen ya fara laushi a baki, Arzika ya sassauta ƙafa, bugu ya yi sauƙi. Kafin jan ya dushe, sai ga garma ta fito a shimfiɗe, kyakkyawa. Sarkin Noma ya jira ta huce, ya ƙwanƙwasa ta da zobensa, ya ce ko ubansu bai ƙera wadda ta fi ta ba.

Tunau bai ji yabon ba. Ƙanensa yake kallo.

"Arzika, hutun nan naka..."

"Ni ban taɓa gajiya a bugu na biyu ba, Yaya. Hannunka nake jira ya juya."

Sai a lokacin Tunau ya gane. Shekara talatin yana kiran mutum malalaci a kan alherin da yake yi masa. Idonsa ya cika da ƙwalla, bai kuma ɓoye ba. A gaban jama'a ya ce, "Na zalunce ka, ka yafe mini. Gudumar nan na ba ta ƙarfi, amma ba ta da ido. In ka tafi, wa zai duba mini hannu?"

Arzika ya yi murmushi. "Wuta na cin gawayi a banza, Yaya. Kawo na gaba."

Bai je birni ba. Kafin ruwan farko sun ƙera garma ɗari da ashirin, Tunau a kan awartaki, Arzika a kan abin takawa, haka kuma suka ci gaba har tsufa. Maƙeran da suka koyi aiki a hannunsu, da suka tashi haɗa nasu injin, kowa ya bar gurbin haƙori na uku babu komai, don su ma hannunsu a bugu na biyu ya saba juyawa.

Shi ya sa har yau gudumar Gangare take buga biyu ta dakata. Shirun nan na tsakiya kuma yana da suna. Ku je maƙera gobe ku saurara, za ku ji maƙeri yana koya wa sabon hannu aiki, yana ce masa, "Kada ka yi gaggawar juyawa. Jira Arzika."