Duwatsun Gonar Sama

An ce wai akwai wani dutse da sarakuna biyu suka daɗe suna jayayya a kansa, kowanne yana cewa nasa ne. Mutanen wurin kuwa suna noma a jikinsa hawa-hawa, kowace gona da jerin duwatsu a bakinta, don su riƙe ƙasa idan ruwa ya sauko.

A gindin dutsen akwai wata mata, Tabawa, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da ɗaki guda. Wata shekara wani fatke, Na'ayya, mutumin ƙasar fili, ya sayi gonar da ke saman ɗakinta. Da ya ga duwatsu a jere, sai ya kwashe su ya gina kanti. Tabawa ta ɗaga kai ta ga ƙasa tsirara tana leƙen rufin ɗakinta, ga damina ta ƙarato. Ta goya autanta, sai gidan Alƙali Sambo.

Jama'a suka biyo ta suna cewa, "A kore shi! Baƙo ba ya mallakar dutse!"

Na'ayya ya ce, "Allah ya gafarta malam, ga takardata, da hatimin sarkin gabas."

Wani tsoho ya ce, "Na yamma ma hatimi gare shi, har ya fi naka faɗi!"

Tabawa ta ce, "Allah ya gafarta malam, ni ba ruwana da sarakuna, kuma ban zo a kori kowa ba, shi ma 'ya'ya gare shi. So nake kada gona ta rufto wa nawa."

Alƙali ya ce, "Shari'ar dutse ta fi ƙarfina, na bar wa sarakuna. Gona taka ce, Na'ayya, kanti ma naka ne. Amma daminar bana kai da iyalinka za ku zauna a ɗakin Tabawa, ita da 'ya'yanta su hau gidanka."

Na'ayya ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya dubi sama, ya ga ƙasar gonarsa tana leƙen rufin. Ya ce, "Wallahi, baiwar Allah, ban sani ba. A garinmu dutse a gona abin kwashewa ne. Ki nuna mini yadda ake jera su."

Ta ce, "Manya a ƙasa, ka bar wa ruwa kafa."

Ya rushe kantin da hannunsa, jama'a suka kama masa. Ruwan fari ya tarar da jerin a tsaye.

Ku gwada mai gona da wannan, ɗan gari ne ko baƙo: zai yarda ya kwantar da 'ya'yansa a ƙarƙashin aikin hannunsa?